Yadda makaɗin jita a Damagaram zai samu masu sauraro ba tare da kamfani ba

Matashin da ya iya jita a Damagaram, wanda babu kamfanin waƙa da ya ɗauke shi kuma babu wani babban mutum da ya tsaya masa, yakan zauna yana jiran ranar da wani daga Yamai ko daga Turai zai ji labarinsa ya aiko a kira shi. Wannan jira ba ya haifar da komai, domin kamfanonin waƙa suna bin sawun inda jama'a suka riga suka taru ne, kuma da wuya su zuba kuɗinsu a kan wanda ko unguwarsu ba ta san kiɗansa ba. Saboda haka aikin yana farawa da tara mutanen da za su iya takowa da ƙafarsu su saurare ka, sannan a samu waƙa ɗaya da za ta shiga wayoyinsu ta bar gari tana ɗauke da sunanka. Duk sauran dabarun da za a ambata a nan suna hidima ne ga waɗannan abubuwa biyu.

Tarihin jitar ƙasar nan ya riga ya nuna haka. A shekarar 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a situdiyo, kuma babu kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Jama'a ne suka riƙa tura wa juna su ta Bluetooth da memori har suka ƙetare iyakoki, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu a arewacin Mali, ya sha wahalar nema kafin ya gano mai ita, sannan ya sa ta cikin wani kundin waƙoƙi da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011. Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas kuwa tun 1995 take kiɗa a gidajen biki, amma sai a 2018 kundinta na farko ya fita kasuwar duniya, wato bayan fiye da shekara 20 tana yi wa amare da anguna kiɗa. A labaran biyu, kamfanin waje ya zo ne ya tarar da kiɗan da mutanen gida suka riga suka karɓa.

Abin da za ka kaɗa

Jarrabawar da ke gaban duk mai koyon jita a Nijar ita ce sha'awar kwaikwayon salon Agadas, kuma dalilin a bayyane yake, tun da shi ne salon da ya kai Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, har ga shiga takarar kyautar Grammy, shi ne kuma wanda ake samun bidiyonsa ko'ina. Koyon wannan salo yana da amfani ga hannu, amma wanda ya tsaya a nan ya shiga kasuwar da ke cike da waɗanda suka gaji abin tun suna yara, kuma duk mai neman kiɗan Agadas zai nufi Agadas ne. Abin da ɗan Damagaram yake da shi, wanda su ba su da shi, shi ne kunnen da ya tashi da gurmi da garaya da kalangu, da algaita da kakakin ƙofar fada ranar hawan salla, da kiɗan ƴan kokowa, da waƙoƙin Barebari da na Fulani da ke zagaye da shi. Ka zauna da mai gurmi ka ɗauko zubin tsirkiyarsa ka mayar kan jita, ka saurari yadda mai kalangu ke matse igiya yana sauya murya ka gwada bin sa da yatsa. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a cikin wannan jiha tamu, da gurmi ya fara suna, daga baya ya koyi biram, kayan kiɗan masuntan tafkin Cadi, kuma da wannan kayan kiɗa na gida ya zagaya ƙasashen waje.

Abu na biyu shi ne magana. Bahaushe yana jin daɗin kiɗa, amma waƙa yake riƙewa, kuma idan aka tambaye shi abin da ya ji a wurin biki, baiti zai maimaita. Makaɗin da ya ƙware wajen gudun yatsa amma ba shi da kalmomi yana iya burge ƴan uwansa makaɗa, sai dai ba su ne masu gayyata biki ba. In ba ka da murya ko ba ka iya tsara baiti ba, babu aibi a nemi mai waƙa a haɗa gwiwa, a kuma yi magana tun farko a kan wanda ya mallaki me. Ya kamata a samu waƙoƙi uku ko huɗu na kanka waɗanda suka nuna sosai, ɗaya daga cikinsu tana da amshi gajere wanda yaro zai iya kamawa daga ji na biyu. A ganina waƙa ɗaya mai irin wannan amshi ta fi kundi mai waƙa goma da aka yi cikin gaggawa.

Akwai wata dabara ta makaɗan gargajiya da ta fi kowace fasahar zamani amfani a nan, wato ambaton sunan kai a cikin waƙa. Makaɗan fada da na jama'a sun saba faɗin sunansu da na garinsu da na ƴan amshinsu a tsakiyar kiɗa, shi ya sa har yau ake gane mai waƙa ko da rubutun jikin kaset ɗin ya goge. Fayil ɗin da ke yawo daga waya zuwa waya ana sauya masa suna, ana yanke farkonsa, ana ɗora masa hoton wani, amma ba mai iya cire sunan da aka rera a cikin baiti. Ka sa sunanka da Damagaram a wuri biyu cikin waƙar, sau ɗaya kusa da farko, sau ɗaya a tsakiya, kuma ka zaɓi suna guda da rubutu guda wanda ba za ka sauya ba. Wanda yake Ɗan Birni a WhatsApp, yake wani suna na Faransanci a Facebook, yake kuma wani dabam a fastar biki, ya raba masu nemansa gida uku.

Daga fada zuwa gidan biki

Dandalin farko shi ne fadar samari ta unguwa, inda ake dafa shayi bayan isha'i. A nan ake gwada sabuwar waƙa ba tare da an kashe ko dala ba, kuma a nan ake samun hukunci na gaskiya, ba daga abin da abokai suka faɗa ba, tun da aboki yabo zai yi, sai daga abin da suka aikata. Idan hira ta tsaya aka juyo, ko wani ya ɗaga waya ya fara ɗauka ba tare da an ce masa ba, ko kuma washegari ka ji wani yana rera amshin a kan babur, waƙar ta kama. Idan kuwa aka ci gaba da karta ana zuba shayi, sai a koma a gyara. Kada ka tsaya a fadarku kaɗai. Ka nemi a kai ka ta Zango, ta Sabon Gari, ta Karkada, ta Garin Malam, domin kowace fada tana da nata zauren WhatsApp da nata bukukuwan da ke tafe. A kula da lokacin salla da haƙƙin maƙwabta, saboda garin nan gari ne na malamai, kuma makaɗin da aka sani da tashin mutane cikin dare ya rufe wa kansa ƙofofin gidajen da zai so a gayyace shi gobe.

Biki da suna su ne inda kiɗa ke zama sana'a, kuma shiga cikinsu yana da tsari. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ƙungiyar da ta riga ta kafu, a riƙe mata jita ta biyu ko a ɗauki kaya, a koyi yadda ake karanta taro. Mutanen da ke yanke shawarar wanda za a kira ba su da yawa, kuma yawancinsu ba su ne ango da amarya ba: akwai babban abokin ango, akwai ƙawayen amarya da uwar biki, akwai mai haya da lasifika da kujeru da rumfa, akwai mai ɗaukar hoto da bidiyo, akwai kuma sanƙira. Mai hayar lasifika yana zuwa bukukuwa da yawa a wata guda kuma ana yawan tambayarsa ko ya san wani makaɗi, don haka sanin mutum ɗaya irinsa ya fi mabiya dubu a intanet waɗanda ba su san hanyar Damagaram ba.

Ranar bikin ka isa tun rana ba ta faɗi ba. Ka ga inda za a ajiye janareto, ka roƙi a matsar da shi bayan katanga da doguwar waya, domin ƙararsa tana shiga makirfo ta ɓata duk bidiyon da mutane za su ɗauka, kuma waɗannan bidiyoyin su ne tallarka. Ka ɗora ampili a kan kujera maimakon ƙasa, ka juya shi yadda ba zai fuskanci makirfo ba don kada ya yi kuka. Ka saita tsirkiya kafin a fara, ka sake saitawa bayan waƙa biyu, saboda zafin rana da sanyin yamma suna sassauta ta, balle a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke taɓa itacen jita. Ka riƙe tsirkiyoyin canji a aljihu, musamman sirarar ta ƙasa wadda ta fi saurin tsinkewa, da wata wayar haɗa jita da ampili ta canji. Sannan kafin ka taɓa komai ka je wurin sanƙira ka gaishe shi da girmamawa, ka faɗa masa sunanka yadda kake so a kira, ka kuma karɓi sunayen iyayen ango da na amarya da manyan baƙi a rubuce. Sunan da aka ambata daidai a cikin waƙa shi ke fito da liƙi, wanda aka karkata kuwa ba a manta shi. Ka fara da waƙoƙin da jama'a suka sani har fili ya cika, sa'an nan ka sako taka a tsakiya lokacin da rawa ta yi zafi, ka maimaita ta kusa da tashi.

Maganar kuɗi a gama ta kafin ranar, a gaban shaida, a karɓi kafin alƙalami, a kuma fayyace ko liƙi na makaɗa ne ko za a raba da mai lasifika. Yin kiɗa kyauta sau ɗaya ko biyu domin a san ka ba laifi ba ne, amma ka zaɓi inda za ka yi shi, kuma ka faɗa a fili cewa gudummawa ce, don kada a ɗauka farashinka ke nan. Shekarar makaɗi ma tana da kaka da rani: bukukuwa suna yawaita gab da azumi da bayan salla da bayan girbi, suna tsayawa cik a watan Ramadan. Watan da babu biki shi ne na tsara sababbin waƙoƙi da gyaran kaya.

Ga mata masu jita akwai fili wanda maza ba sa shiga, wato zaman lalle da wunin mata a cikin gida, inda ake kashe kuɗi sosai kuma ake ɗaukar bidiyo fiye da ko'ina. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar ɗan uwanta ta koya, kuma ƙungiyar da ta kafa da ƴan uwanta mata ta kai kiɗan tende na matan Abzinawa har Turai da Amurka.

Bayan gidajen biki akwai Gidan Matasa da Al'adu, akwai bukukuwan ɗaliban Jami'ar André Salifou da na manyan makarantu, akwai kuma tarukan faɗakarwa da ƙungiyoyi ke shiryawa a kan lafiya ko karatun yara, waɗanda sukan nemi mai waƙar Hausa. Ɗalibai suna da wani amfani na musamman, domin idan aka yi hutu sukan watse zuwa Magarya da Matamai da Gure da Tanut da Difa da waƙarka a wayoyinsu.

Ɗaukar sauti da abin da ke hannu

Rashin kuɗin situdiyo ba hujja ba ne. A 2020 kamfanin Sahel Sounds ya yi shekara guda yana fitar da ƙananan kundaye wata-wata waɗanda makaɗan Sahel suka ɗauka da wayar hannu suka aika ta WhatsApp, kuma an saye su a intanet. Abin da ke bambanta ɗauka mai kyau da maras kyau yawanci ɗaki ne da lokaci, ba tsadar waya ba.

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba, domin bangon siminti yana mayar da sauti ya cakuɗe, kwano kuma yana ƙara masa amo. In siminti ne kaɗai ke akwai, a shimfiɗa tabarmi da darduma, a rataya barguna a bango, a jingina katifa a kusurwa. A kashe fanka ko da zafi ya yi yawa, a rufe layin kira don kada wani ya bugo a tsakiyar waƙa, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru, kamar bayan sallar asuba kafin babura su fito. Kada a riƙe wayar a hannu; a jingina ta a kan matashi, kamar kamu ɗaya da rabi daga jita, tana kallon inda wuyan jita ya haɗu da gangar jikinta, ba ramin tsakiya ba, saboda ramin yana fitar da gurnani mai kauri da ke danne murya. Mai ƙwarya ko mai kalangu ya zauna can baya, mai waƙa ya fi kowa kusa. A ɗauki rabin minti a saurara da abin sa wa a kunne, sannan a saurara a lasifikar ƙaramar waya mai maɓalli, domin a irinta ne akasarin mutane za su ji waƙar. Idan kalmomin ba su fito a nan ba, a matsar da mai waƙa gaba a sake.

Idan hali ya samu aka shiga situdiyo, a nan gari ko a Kano wadda ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, a je da waƙar da aka riga aka kaɗa a gaban jama'a sau da yawa, domin ana biyan lokaci ne. Yawancin masu situdiyon waƙoƙin Hausa sun saba da kiɗan fiyano da na kwamfuta, kuma in ba ka yi magana ba za su tura jitarka baya ta zama ado. Ka faɗa tun farko cewa jita ce gaba. Kafin ka fita ka karɓi fayil ɗin asali mai nauyi, ka kuma karɓi ƙaramin MP3 na turawa, ka ajiye su a wuri biyu.

Yadda waƙa ke tafiya

Sunan fayil ya ƙunshi sunanka, sunan waƙa, Damagaram da lambar wayar aiki. Daga nan sai a kai shi wurin masu tura waƙoƙi a memori da ke Kasuwar Dole da bakin tasha da wuraren cajin waya. Waɗannan mutane su ne gidan rediyon wanda ba shi da data, kuma ranar Alhamis da kasuwa ke ci, mutanen karkara suna zuwa a cika musu memori su koma da shi ƙauyuka. Ka ba su waƙar kyauta, ka roƙi su sa ta cikin tarin da suke zuba wa kowa. Haka ma direbobin motocin Mirya da Magarya da Matamai, da masu adaidaita da ke kunna kiɗa yini guda. Wani zai ce ai wannan ba da dukiya ne a banza, amma a wannan mataki waƙar talla ce, kuɗin yana zuwa ta gayyatar da za ta biyo baya.

A WhatsApp, sitatus ya fi tura wa mutane kai tsaye, domin wanda aka dame shi da saƙon da bai nema ba yakan toshe lamba. Ka yanke wurin da ya fi daɗi a waƙar, wanda bai wuce rabin minti ba, ka fara da amshi ko da zubin jitar da ya fi jan kunne, ba da doguwar gaisuwa ba. Bidiyon TikTok da na Facebook ma haka suke, daƙiƙun farko ne ke sa a tsaya ko a wuce. Ka nuna hannu da fuska cikin haske, ka tsayar da wayar a tsaye, ka bar garin ya fito a bayanka, ko duwatsun Birni ko zanen bangon tsofaffin gidaje, saboda mai kallo a Legas ko a Faransa yana tsayawa ga abin da bai saba gani ba. Ka rubuta bayani da Hausa, ka ƙara layi ɗaya na Faransanci. Fitar da abu ɗaya kowane mako ba fashi ya fi zuba goma rana guda a ɓace wata uku. Kuma kada a manta cewa mafi yawan masu jin Hausa suna ƙetaren iyaka ne, a Kano da Katsina da Daura da Haɗeja, har zuwa zangunan Gana da Kamaru da Sudan, don haka haɗa waƙa ɗaya da wani mawaƙi na can yana buɗe kunnuwan da shekaru ba za su buɗe ba.

YouTube wurin ajiye cikakkiyar waƙa ne da bidiyon wasanni, inda mai neman ka zai same ka ko bayan shekara biyar. Kada a shige shi da tunanin albashi, domin rabon kuɗin talla yana buƙatar mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a kowace ƙasa tsarin yake aiki ba. Audiomack yana karɓar waƙa kyauta kuma matasan Najeriya suna amfani da shi sosai. Spotify da Apple Music ba sa karɓa daga hannun makaɗi kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid mai karɓar kuɗin shekara, ko CD Baby mai karɓa sau ɗaya a kan kowane kundi, ko RouteNote mai tsarin kyauta da ke cire kaso daga abin da aka samu. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1000 cikin wata 12 ba. Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, ya fi dacewa da irin kiɗan jitar Sahel, domin masu sayensa a Turai da Amurka a can suke, amma kafin ka buɗe shafi ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunka a Nijar, tun da waɗannan kamfanoni ba su biya ta kamfanonin tura kuɗi na gida irin su Nita ko Amana. Masu sayar da mabiya da sauraron ƙarya kuwa a guje su, saboda ana gane su, ana sauke waƙar, kuma mabiyin da aka saya ba ya zuwa biki.

Rediyo har yanzu ya fi intanet isa karkara. Tashar gwamnati ta jiha da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani, da ƙananan rediyoyin al'umma na garuruwan kewaye, duk suna da shirye-shiryen gaishe-gaishe da zaɓin masu sauraro. Ka gano mai gabatar da shirin da ya dace da kiɗanka, ka je da kanka da waƙar a memori da taƙaitaccen bayaninka a takarda guda, ka nuna kana shirye ka zo da jita ka kaɗa kai tsaye a cikin shiri, abin da masu gabatarwa ke so domin yana cika musu lokaci da abu sabo. Ranar da za a sa waƙar ka sanar da mutanenka su kira su nemi a maimaita.

Gasar kiɗan zamani ta ƙasa mai sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, tun shekarun 1980 take fito da ƙungiyoyi daga jihohi, kuma ofishin al'adu na jiha ne ke da labarin lokacin tantancewa, don haka yana da kyau a san ka a can. Bikin Cure Salée na Ingal da bikin Ayar na Iferwan suna tara makaɗan jita da baƙi, a Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. Tafiya Yamai kusan kilomita 900 ce, saboda haka a yi ta lokacin da akwai wasan da aka tsayar da ranarsa, da wurin kwana, da bidiyon da ke nuna taron da ka tara a gida.

Haƙƙi da takarda

Da zarar waƙa ta fara yawo, a yi mata rajista a Ofishin Kare Haƙƙin Mawallafa na Nijar, wato BNDA, da sunan wanda ya tsara kalmomi da wanda ya tsara kiɗa. A cikin ƙungiya a rubuta rabon kowa tun ana dariya da juna, kowa ya sa hannu, a ba wani dattijo kwafi ya ajiye, domin yawancin ƙungiyoyin da suka watse sun watse ne a ranar da kuɗi na farko masu kauri suka shigo. Idan ka ɗauki tsohuwar waƙar wani makaɗi ka mayar kan jita, ka ambaci sunansa, in iyalinsa suna nan ka je ka nemi izini.

Idan an yi dace wani kamfani ko mai shirya wasanni ya tuntuɓe ka, ka fara bincika waɗanda ya taɓa yi wa aiki, ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi yadda aka rabu. Duk wanda ya ce ka aiko da kuɗi domin a sa ka a wasa a Turai ko a samo maka biza, ɗan damfara ne, domin mai gayyata na gaskiya shi ke aiko da takardar gayyata ya kuma ɗauki nauyin tafiya. Yarjejeniya za ta zo da Faransanci ko Turanci, kuma kada ka sa hannu a ranar da aka miƙo ta. Ka kai wa lauya ko malamin da ya san harshen ya karanta maka layi-layi da Hausa. Abubuwan da za ka nemi amsarsu a rubuce su ne wanda zai mallaki sautin da aka ɗauka da tsawon shekarun da zai riƙe shi, ƙasashen da yarjejeniyar ta shafa, kason da zai zo maka da lokacin da za a riƙa nuna maka lissafi, da kuma ko kuɗin da za a ba ka a farko kyauta ne ko bashi ne da za a cire daga cinikin gaba, wanda galibi bashin ne. Ka kuma tabbatar an rubuta cewa kiɗan biki da wasanninka na cikin Nijar da Najeriya suna hannunka, kana iya yin su ba tare da neman izinin kowa ba.